Lambar shasi: haruffa 17 da ke raba mai mota da mai riƙon kayan sata

Daga ranar 17 zuwa 30 ga watan Maris na 2025, jami'an tsaro na ƙasashe 12 na Afirka ta Yamma, har da Nijar, sun gudanar da wani samame na haɗin gwiwa da hukumar ƴan sandan ƙasa da ƙasa Interpol ta shirya, mai suna Safe Wheels. An binciki motoci fiye da dubu 12, aka gano kusan 150 na sata ne, aka kama sama da 75. Mafi yawansu daga Kanada aka sato su, wasu daga Faransa, Jamus da Holan. Toyota ce a kan gaba, sai Peugeot da Honda. A tashar ruwan Legas kaɗai, jami'an duwan sun buɗe kwantenoni sun tarar da motoci shida ƙirar Toyota da Lexus, kuma dukkansu an kai ƙarar sace su a Kanada a 2024.

Abu guda ne ya tona asirin waɗannan motoci: lambar shasi, wadda a takardun ƙasashen waje ake rubutawa VIN. Jami'i ya karanta ta, ya shigar da ita cikin rumbun bayanan Interpol, amsa ta fito. Wannan lamba tana jikin kowace mota da ke yawo a Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa, amma da wuya ka ga mai saye ya duƙa ya karanta ta kafin ya ƙirga kuɗi. Ana duba inji, ana duba taya, ana sauraron ƙarar salansa, a bar lambar ga mai fito a duwan. A nan ne haɗarin yake, domin a sarƙar satar mota, wanda ya saya daga ƙarshe shi ne ke kwana cikin asara.

Abin da lambar ke faɗa

Tun 1981 Amurka ta wajabta wa masu ƙera motoci lamba mai gurbi 17, haɗin haruffa da alƙaluma, kuma ƙa'idar duniya ta ISO 3779 ta tsara yadda ake jera su. Babu harafin I, babu O, babu Q a cikinta, don kada a rikita su da 1 da 0. Duk takardar da ka ga ɗaya daga cikin waɗannan haruffa uku a lambar shasinta, ko dai an yi kuskure wajen kwafa, ko kuma an ƙirƙiro ta.

Gurbi uku na farko suna nuna ƙasa da kamfanin da ya ƙera motar. J na Japan ne, W na Jamus, K na Koriya ta Kudu, L na Sin. Alƙaluma 1, 4 da 5 na Amurka ne, 2 na Kanada, 3 na Meziko. VF1 Renault ce, VF3 Peugeot, VF7 Citroën. Ko a cikin Toyota, wadda ta fi kowace yawa a titunanmu, akwai bambanci: JT ƙirar Japan ce, SB1 ta Ingila kamar Avensis, 4T1 Camry ce ta Amurka, 2T3 RAV4 ce ta Kanada, AHT Hilux ce ta Afirka ta Kudu, MR0 kuma Hilux ta Tailan.

Gurbi na 4 zuwa na 8 suna bayyana samfurin motar, irin jikinta da irin injinta. Gurbi na 9, a motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka da Kanada, shi ne mai gadin sauran: ana mayar da kowane harafi alƙalami, a ninka shi da wani adadi gwargwadon wurinsa, a tara, a raba da 11, abin da ya rage shi ake rubutawa a nan, idan 10 ne a sa X. Wanda ya sauya harafi ɗaya bai gyara lissafin ba, galibi lambar za ta ƙi daidaita. Gurbi na 10 shekarar samfurin ce: 8 na nufin 2008, A na nufin 2010, F 2015, L 2020. Idan dillali ya rantse cewa Highlander ta 2015 ce alhali gurbi na 10 yana ɗauke da C, motar ta 2012 ce aka sauya mata fitilu da gaba. Gurbi na 11 masana'anta ce, shida na ƙarshe kuma lambar motar a jerin ƴan uwanta.

Motocin da aka ƙera don kasuwar Turai ba lallai su bi ƙa'idar gurbi na 9 da na 10 ba, waɗanda aka yi don cikin gidan Japan kuma suna da gajeriyar lamba ta daban. Saboda haka sanin kasuwar da aka ƙera wa mota shi ne matakin farko na karanta lambarta.

Ba a wuri ɗaya ake sa ta ba. Akan same ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, a takardar da aka manna a ginshiƙin ƙofa, sannan a buga ta cikin ƙarfen motar kansa, ƙarƙashin kapo, ko a daɓen da ke ƙarƙashin kujerar gaba, ko a jikin shasi ga manyan motoci irin su Hilux da Land Cruiser. Motocin zamani suna riƙe da ita har cikin kwamfutarsu, inda na'urar binciken makanike ke iya karanto ta. A kart giriz na ƙasashen Turai tana layin da aka yi wa alama da harafin E.

Yadda motar sata ke samun sabon suna

Motar da aka sace ba ta da daraja sai ta samu takardu, takardu kuma ba sa samuwa sai da lambar da ba a nema. Hanyoyi uku ɓarayi suka fi bi.

Ta farko ita ce tagwaitawa. A nemo mota ta halas mai samfuri ɗaya, launi ɗaya, shekara ɗaya, a kwafi lambarta ta gilashi a wurin ajiye motoci ko daga hoton talla a intanet, a buga sabon faranti da sabuwar takardar ƙofa, a liƙa wa ta sata. Daga nan motoci biyu ke yawo da suna ɗaya, ɗaya a Toronto, ɗaya a Yamai, kuma binciken rumbun bayanai ba zai nuna komai ba tunda mai ta halas bai kai ƙara ba.

Ta biyu ita ce tayar da matacciya. A sayi motar da ta yi mummunan haɗari ko ta ƙone, da takardunta na gaskiya, a yanke ƙarfen da lambar ke jiki, a yi waldarsa a jikin ta sata, a shafe da fenti. Ta uku ita ce sayen hannu a ofis. A 2022 ƴan sandan lardin Ontariyo na Kanada sun ƙwato motoci fiye da 200 da aka sauya wa lamba, kuma cikin waɗanda aka gurfanar har da ma'aikatan ofishin rajistar motoci na lardin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Akwai kuma waɗanda ba sa wahalar da kansu da ko ɗaya. Su loda motar cikin kwantena da lambarta ta asali, su rubuta wa kwantenar wani kaya daban, suna dogaro da cewa a inda za ta sauka ba wanda zai duba. Irin waɗannan ne suka fi faɗawa hannu a samame kamar na Maris 2025.

Masu motoci kan tambaya ko ganin lambar ta gilashi ya isa a sace mota. Lambar kaɗai ba ta buɗe ƙofa, ba ta tada inji. Ɓarayin Kanada da Turai sun fi amfani da na'urar da ke janyo siginar makulli daga cikin gida, ko su shiga wayoyin motar ta wajen fitila, ko su tsara sabon makulli ta kafar binciken kwamfuta. Gaskiya ne a 2022 wasu masu binciken tsaron intanet sun nuna cewa da lambar shasi kaɗai ana iya buɗe wasu motocin Honda da Nissan ta manhajar waya, kafin a toshe ɓarakar, amma wannan ya shafi motocin da ke haɗe da sabis na intanet a Amurka. Ga mai mota a nan, abin kiyayewa shi ne hoton kart giriz. Wanda ya watsa shi a WhatsApp ko Facebook don neman mai saye ya ba mai jabu lamba, suna da adireshi a lokaci guda.

Daga Montireyal zuwa filin saida motoci

Kanada ta zama babbar mafarin wannan kasuwa a ƴan shekarun nan. A 2022 an sace motoci fiye da dubu 105 a ƙasar, kusan mota ɗaya kowane minti biyar. A 2023 kamfanonin inshora sun biya diyyar da ta kai dalar Kanada biliyan ɗaya da rabi. Lamarin ya kai gwamnati ta kira taron ƙasa a kansa a Otawa cikin Fabrairun 2024, kuma a watan Afrilu na wannan shekara hukumomi suka sanar da ƙwato motoci 598 daga kwantenoni a tashar ruwan Montireyal.

Abin da ya fi shafar mu shi ne matakin da aka ɗauka a Fabrairun 2024, lokacin da ƴan sandan Kanada suka haɗa jerin motocinsu na sata da rumbun Interpol. Cikin ƴan watanni aka gano fiye da 1,500 a sassan duniya, sama da 200 a kowane mako. Ma'anar wannan a fili take: motar da ta ratsa tashar ruwa da duwan lafiya lau a 2022 ko 2023, saboda sunanta bai kai ga rumbun ba a lokacin, yau tana iya fitowa da jan layi a kowane shingen bincike. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, sai dai a wannan ranar ɓarawon ba ya cikin motar.

Nijar ba ta ƙera mota, ba ta da gaɓar teku, kuma yawancin abin da ke kan titunanta okaziyon ne. Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai, Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Cikin irin wannan ambaliya, ɓoye ƴan ɗaruruwan motocin sata ba wuya ba ne.

Shekara da shekaru hanyar ita ce Kwatano, Malanbil, Gaya, daga nan wasu su tsaya a gida, wasu su wuce Konni, Maradi da Damagaram su tsallaka Najeriya, har sunan ƴar Kwatano ya zama sunan tsohuwar mota a ƙasar Hausa. Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa tun 1 ga Janairun 2017, abin da ya ƙara tura cinikin zuwa ɓarauniyar hanya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakar Benin, kaya suka koma bin Lome da Burkina Faso. Hanya ta yi tsawo, kuɗin kawowa ya hau, hannayen da mota ke ratsawa kafin ta iso sun ƙaru. Duk inda farashi ya tashi, mota mai araha da ba a san asalinta ba ta fi saurin samun mai saye.

Wa ke ɗaukar asara

Mai motar na asali a Kanada ko Faransa inshora ta biya shi. Ɓarawon ya karɓi nasa tun a can. Mai kwantena da dillalan tsakiya sun ci ribarsu. Wanda ya rage shi ne ma'aikacin da ya ci bashin banki, ko ɗan kasuwar da ya saida gona, ya zuba miliyoyin sefa a kan RAV4 ko Lexus.

Takardar duwan da kart giriz ba sa wanke mota. Suna shaida cewa an biya haraji kuma an yi rajista, ba sa shaida cewa wanda ya fara saidawa mallakarsa ce. Kundin dokokin farar hula da ƙasashenmu suka gada daga Faransa ya ba wanda aka yi wa sata damar neman kayansa a hannun duk wanda ya same su har tsawon shekaru uku, tare da sassauci ga wanda ya saya a kasuwa ko wajen ɗan kasuwar da sana'arsa ke nan. Idan kuma aka tabbatar mai saye ya san kayan sata ne, ya shiga laifin riƙon kayan sata, kuma farashin da ya faɗi ƙasa warwas yana cikin abubuwan da mai bincike ke dubawa. Fiƙihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa ya zo da makamancin haka a babin istihƙaƙi: mai kaya ya ɗauki kayansa, mai saye ya koma wa wanda ya saida masa ya nemi kuɗinsa.

Komawar ce matsala. Cinikin mota a wurare da yawa ana yin sa ne da baki da amana, ta hannun ɗan kamasho, kuɗi a buhu, takarda ɗaya da aka rubuta da biro. Ranar da aka kama motar, wanda ya saida ya sauya lambar waya ko yana wata ƙasa. Motar ta yi watanni a harabar komisariya cikin rana da ƙura, mai ita yana biyan bashi a kan abin da ba ya hawa.

Inda lambar ba ta isa

Rumbun Interpol na motocin sata kayan aiki ne mai ƙarfi. A 2024 ya taimaka an gano motoci kusan dubu 270 a duniya. Amma abin da aka shigar cikinsa kaɗai yake sani, kuma ƴan sanda ne kaɗai ke da ikon buɗe shi. Farar hula ba zai iya duba shi daga wayarsa ba.

Satar da ta fi addabar talaka kuma ta cikin gida ce da ta kan iyaka: babur ɗin ɗan kabu-kabu da aka ɗauke a bakin kasuwa, Hilux da ƴan bindiga suka ƙwace a hanya, motar da aka sace a Kano ko Katsina ta shigo ta Ɗan Isa ko Magariya, da wadda aka sace a Maradi ta bi hanyar a juye. Babura ma suna da lamba a wuyan firam da jikin inji, sai dai mutum nawa ne suka rubuta tasu suka adana? Wanda ya je kai ƙara da launi da samfuri kawai ya ba ɗan sanda aikin neman allura cikin ruwa.

Don irin wannan aka kafa tsarin SIPAO, na musayar bayanan ƴan sanda a Afirka ta Yamma, wanda Tarayyar Turai ta ba da kuɗinsa, Interpol ta fara aiwatarwa a 2012, Nijar kuma tana cikin ƙasashen farko da aka gwada shi tare da Benin, Gana da Mali. Tsari ne da aka gina ƙarƙashin inuwar CEDEAO, wadda Nijar, Mali da Burkina Faso suka fice daga cikinta a ranar 29 ga Janairun 2025. Zama mamba a Interpol bai dogara da CEDEAO ba, kuma ƙasashen AES uku duk sun shiga samamen Maris. Duk da haka iyakar Nijar da Najeriya ta kai kusan kilomita 1,500, kuma ɓarawo ba ya jiran a sasanta siyasa. Yadda jandarma a Konni zai san cikin minti ɗaya cewa an kai ƙarar wata mota a Sakkwato tambaya ce da ya kamata hukumomin ɓangarorin biyu su ba ta amsa a aikace.

Najeriya ta nuna wani amfanin lambar a 2022, lokacin da duwan ɗinta ta fara ƙiyasta harajin mota daga lambar shasi, matakin da ya jawo zanga-zangar masu fito a Legas. Darasin shi ne gwamnatoci sun iya karanta lambar sarai idan maganar haraji ce. Kamata ya yi a karanta ta da irin wannan himma idan maganar kare mai saye ce.

Abin da za a iya yi tun yau

Mai saye yana da abubuwan da ke hannunsa, kuma yawancinsu ba sa cin ko dala. Ya karanta lambar da idonsa a duk wuraren da take, ya gwada da ta kart giriz da ta takardar duwan, harafi bayan harafi. Ya shafa ƙarfen da aka buga ta: alamar walda, sabon fenti a wuri ɗaya, haruffan da ba su jeru ba, ƙusoshin faranti da aka taɓa, takardar ƙofa da ke ɓantarewa, kowane ɗaya dalili ne na janye hannu. Ya biya makanike ya karanto lambar da ke cikin kwamfutar motar, domin masu jabu sukan gyara ƙarfe su bar ta ciki.

Idan motar daga Amurka ko Kanada ta fito, akwai shafukan kyauta: na hukumar NHTSA yana fassara lambar ya faɗi samfuri da shekara, na NICB yana nuna ko an kai ƙarar sata wajen inshora a Amurka, shafin CPIC na ƴan sandan Kanada kuma yana ba kowa damar duba lambar shasi. Carfax na kuɗi ne, yana ba da tarihin mota. Idan tarihin ya nuna an kai motar gareji a Otawa watan jiya alhali ga ta a gabanka a Maradi tun bara, tagwayen suna ne. Ga motar Faransa, wanda ya saida ta a can yana iya ciro tarihinta kyauta daga shafin gwamnati na Histovec. Ga mota mai tsada, zuwa wajen ƴan sanda a nemi binciken Interpol kafin biya ya fi zuwa bayan an kama. Sannan a rubuta takardar ciniki da cikakkiyar lambar, da katin shaidar mai saidawa, a sa hannun hukuma, a biya ta hanyar da ke barin shaida. Araha ba ta ado: Lexus ta shekara uku a rabin kuɗinta tana da labarin da ba a faɗa ba.

Nauyin da ya fi girma yana kan hukuma. An kafa GUAN a Yamai domin a haɗa aikin duwan da na rajistar mota a ƙofa ɗaya, kuma wannan ƙofa ita ce wurin da ya dace kowace lamba ta bi ta rumbun Interpol kafin a ba da faranti, a kuma ba mai mota takardar shaidar binciken. A buɗe wa farar hula tagar bincike a manyan biranen jahohi, da kuɗi ƙayyadadde da aka liƙa a bango da amsa cikin kwana ɗaya ko biyu, don mutumin Tawa ko Damagaram kada ya dogara da sanayya. A wajabta wa filayen saida motoci da masu saida babura littafin da ke ɗauke da lambar kowane abin hawa da sunan wanda ya kawo shi. A kuma tabbatar duk ƙarar sata da aka kai komisariya ko jandarmeri an shigar da lambarta cikin na'ura a ranar.

Ƙasashen da ake sato motocin sun fara toshe tasu ƙofar, jerin motocin da ake nema kuma kullum ƙaruwa yake yi. Samame irin na Maris 2025 zai sake zuwa, kuma duk motar da ta riga ta shigo za ta fuskanci tambaya ɗaya a shingen bincike. Gara mai saye ya yi wa kansa wannan tambaya tun kuɗinsa na cikin aljihu.